Mujallun da Aka Naɗe Awara da Su

Akwatin ƙarfen yana ƙarƙashin gadon Kaka tun kafin in yi wayo. Kore ne, fentinsa ya ɓaɓɓare a kusurwoyi, an ɗaure marfin da tsumman atamfa. Na mijinta ne, kakanmu, wanda ya rasu ina goye. Tela ne a bakin kasuwar Daura, kuma abin da ya bari a cikin akwatin tsofaffin mujallu ne da yake ajiyewa a shago, don masu kawo ɗinki su duba su zaɓi irin wuyan rigar da suke so. Ina aji ɗaya a sakandare Kaka ta sa ni in share mata ƙarƙashin gado, na jawo akwatin na kwance tsumman. Ran nan ban gama sharar ba.

"Me kika gani ne, ƙawata, kika yi tsit haka?" in ji Kaka daga kan tabarma.

"Takardu ne, Kaka."

"Ki ɗauka, na ba ki. Ni ban da tara kyankyasai ban ga abin da suka tsinana mini ba."

Wasu na Hausa ne, wasu na Turanci, akwai kuma 'yan kaɗan na Faransanci da suka ƙetaro daga Nijar, waɗanda hotunansu kawai nake kallo. Amma ba labaran ciki ne suka fara kama ni ba, jikinsu ne. Gefen kowace takarda ya yi duhu kamar ɓawon gyaɗar da aka soya, tsakiya kuwa ya tsaya fari-fari mai ratsin rawaya. 'Yan ƙarafan da suka riƙe tsakiyar mujalla sun yi tsatsa, tsatsar ta naso ta yi wa shafuka biyu ɗigo iri ɗaya, hagu da dama. A wata gara ta shiga ta bango ta yi hanya mai lanƙwasa har shafi na goma sha, sannan ta tsaya, ban san me ya hana ta ci gaba ba. Idan na kai hancina kusa sai in ji warin rufaffen ɗaki da man keken ɗinki. Takardar ta yi laushi har ba ta ƙara idan an juya ta, kamar tsohon zane da ya sha wanki.

Kakana kuma yana nan a ciki ko'ina. A ƙasan shafukan da ke da hoton maza da manyan riguna, kusurwar ta yi baƙi ta yi santsi saboda yawan yatsun da suka taɓa ta. A gefe ya rubuta awon mutane da fensir, kafaɗa da tsawon hannu, lambobinsa duk sun karkata dama. Akwai shafin da wani mutum mai doguwar hula ya jingina da sabon keke, a kusurwar ƙasa an ɗiga jan goro, wani ya goge da yatsa ya ƙara faɗaɗa shi. Ban san fuskar kakana ba sai a hoto ɗaya, amma na san yana cin goro yana aiki, kuma ba ya damuwa da goge hannu.

Ni ba mai magana ba ce. A aji idan malama ta kira ni, amsar tana bakina amma muryar ba ta fitowa sai ƙasa-ƙasa. Saboda haka akwatin ya zame mini wurin zuwa. Na jera mujallun bisa ga duhun takardarsu, mafi tsufa a ƙasa. Na fara ƙara wasu a kai. Mai gyaɗa ta bakin makarantarmu tana naɗi da tsofaffin takardu, idan na ga mujalla a cikin tarinta sai in kai mata tsohon littafin rubutuna mu yi musanya. Baba yana fataucin hatsi, idan ya je kasuwar Mai'adua ya ga irinsu a shimfiɗe wurin masu tsofaffin littattafai yakan sako mini ɗaya ko biyu a aljihun babbar riga, yana dariya yana cewa mai su ma ya yi mamakin akwai mai so. Duk wadda ta fi yagewa ita na fi murna da ita.

A ɗakin Kaka ’yar Gwaggo take kwana. Ta girme ni da shekara biyar, Yaya nake ce mata. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana aure a Mashi, ta turo ta ta zauna da Kaka ta riƙa yi mata hidima. Ni da ita taubasai ne, ita ’yar mace ni ’yar namiji, kuma ta riƙe wannan da hannu biyu. Ɗankwalina, takalmina, naman da ke cikin kwanona, duk abin da ta ga dama sai ta ɗauka ta ce kayan ’ya’yan namiji nasu ne. Idan na ɓata rai kowa ya yi dariya, don ba a fushi da wasan taubasai. Kurma take kirana, wani lokaci Malamar Gara.

Da ta gama sakandare ta fara suyar awara a ƙofar gida bayan la'asar. Hannunta yana da daɗi, ba zan hana ta wannan ba. Cikin mako biyu yaran unguwa suka san wurin.

Wata ranar Talata ina dawowa daga Islamiyya na ci karo da wata yarinya a lungunmu tana cin awara. Takardar da ke hannunta ta jiƙe da mai har ana ganin yatsunta ta ciki. Na wuce ta da taku biyu sannan na tsaya. A jikin takardar akwai rabin tayar keke da ƙafar mutum, a kusurwa kuma jan goro. Yarinyar ta lashe yajin, ta dunƙule takardar ta jefar a gindin bango.

Na ƙarasa ƙofar gida. Yaya tana zaune a kan kujera ’yar tsuguno, kasko yana tafasa a gabanta, a gefenta faranti cike da takardu da aka yayyaga gida huɗu-huɗu aka danne da dutse. Na tsaya a kanta na daɗe.

"Kurma, in saya za ki yi ki yi magana, in kallo ne ki matsa kina tare mini iska."

"Yaya, mujalluna ne."

"Na wa?"

"Kaka ta ba ni."

"To ni ma kakana ne, ko ke kaɗai ya haifa? Kuma ke ’yar namiji har kina da kaya a gabana?" Ta juya awara da matsami. "Gara tana ci ba ki ce komai ba, sai ni da nake yi wa jama'a amfani da su."

Matan da ke jira suka yi dariya. Na shiga gida na kwaso duk tsofaffin littattafan rubutuna, har da na lissafi da ban gama da shi ba, na kawo mata na ce ta yi amfani da waɗannan. Ta ɗaga ɗaya ta duba ta mayar mini.

"Biro yana zuba, sai awara ta koma shuɗiya. Takardar ma santsi gare ta, mai yana bin hannun mutum. Waɗancan kuwa sun tsufa, suna shan mai kamar soso. Ba ki ga yadda awarar take fitowa a bushe ba? Wallahi har an fara yaba mini."

Abin da ya fi ƙona ni ke nan. Laushin nan da nake so, wanda sai takarda ta yi shekaru masu yawa take samunsa, shi ne ita ma ta gano, kuma don shi ta zaɓe su.

Na kai ƙara wurin Umma. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Taubashiyarki ce, kuma baƙuwa ce a gidan kawunta. Kada ki ja a ce ’yata marowaciya ce a kan tsummokaran takardu." Na ce to a dawo da akwatin ɗakinmu. Ta ce in na ɗauke shi daga ɗakin Kaka, kamar na ce wa ’yar Gwaggo ɓarauniya ne, kuma maganar za ta isa Mashi kafin magariba. Baba da ya dawo ya ce in yi haƙuri zai sayo mini sababbi masu ƙyalli. Kaka kuwa dariya ta yi ta ce ita ba ta shiga tsakanin taubasai, tun tana yarinya ta san mai shiga shi ke jin kunya.

Na ɓoye guda shida a jakar makaranta, iyakar abin da za ta ɗauka ke nan. Sauran ina ji ina gani. Kullum da hantsi, ina makaranta, Yaya takan zaro ɗaya daga sama ta cire ƙarafan da wuƙa, ta ninka ta yaga, ta sake ninkawa ta yaga. Da na dawo sai in buɗe akwatin in auna da yatsu in ga yadda ya ragu. Na daina yi mata magana, ba ta ma lura ba, don dama ba na yi. Na yi tunanin zuba mata gishiri a ruwan tsamin da take haɗa awara da shi. Na yi tunanin sakin akuyar Umma a kan farantin. Har na taɓa tsayawa a bakin madafa da gishirin a hannu, sai na ga wannan asarar yini ɗaya ce kawai, gobe ta sake buɗe akwatin. Ni abin da nake so shi ne ta ji a jikinta, kuma a gaban mutane, yadda aka yi mini dariya a gaban mutane.

Na shiga bin lungu da safe kafin in tafi makaranta ina tsintar gutsattsarin. Ban san me zan yi da su ba, ba sa haɗuwa, man ya sa rubutun gaba da na baya sun cakuɗe. Ina dai tsinta in shimfiɗa su a cikin wani tsohon littafi. A haka, wata safiya, na ɗago wani daga bakin kwata, na miƙar da shi a kan gwiwata. A samansa akwai layi biyu na Larabci a cikin ɗan zane mai kusurwa huɗu, aya ce, da sunan Allah a ciki, mai ya jiƙa ta, yaji ya manne a gefe.

Na san daga inda ya fito. Mujallun Hausan kusan kowace tana da shafin wa'azi wajen ƙarshe, kuma a samansa akan buga aya da ƙananan haruffa kafin fassara. Na sha wucewa ta kansu. Yaya kuwa ba ta duba abin da take yagawa, a ninke take yi, gaba ɗaya.

A gidanmu babu wanda bai san Kaka da takarda mai Larabci ba. Ba ta yi boko ba, amma ko daga nesa ta hango rubutun Larabci a ƙasa sai ta tsaya. Gwiwoyinta suna ciwo, duk da haka za ta dafa bango ta sunkuya ta ɗauka, ta karkaɗe, ta cusa a tsagar katangar zaure, sama inda ƙafa da akuya ba sa kaiwa. Idan sun taru ta ƙona su a cikin sabon kasko ta binne tokar a gindin katanga. Ta taɓa mayar da mu tun daga bakin titi saboda ƙanwata ta tsallake wani guntun kwali mai irin rubutun.

Abin da ya kamata in yi na san shi. In ruga in gaya wa Yaya tun kafin ta sake yaga wata. Na tsaya a bakin kwatar nan da takardar a hannu na auna. In na gaya mata, za ta yi salati, ta riƙa cire shafin wa'azi tana ajiyewa, ta ci gaba da yaga sauran hankali kwance, ni na koya mata ma. In na kai wa Kaka da bakina, ya zama ƙarar taubashiya, kuma muryata za ta maƙale a tsakiya, Yaya ta rufe ni da surutu. Sai dai Kaka ta gani da idonta. Na goge takardar da gefen hijabina na saka a littafi. Ban gaya wa kowa ba. Na yi istigfari a hanyar makaranta, amma ban canja niyya ba, kuma ba zan ce na canja ba don a ce ina da kirki.

Kwana biyu na ƙara ina bin lungu har bayan masallaci, na samo wasu guda biyu. Kaka tana da al'ada, da hantsi takan fita ta gaida wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ba ta iya tashi, ta bi ta zaure ta dafa dakalin ƙofar gida ta huta kafin ta sauka. A kan dakalin nan na ajiye ta farko, ban yarda na sa ta a ƙasa ba, na danne da ɗan dutse yadda Larabcin zai kalli sama. Ranar Asabar ce, babu makaranta. Na zauna a cikin zaure ina yi kamar ina tsince shinkafa.

Kaka ta fito, ta dafa dakali, ta tsaya. Ta ɗauka ta kai kusa da ido, ta yi salati a hankali, ta ce mutanen yanzu ba sa tsoron Allah, ta cusa a tsagar katanga ta wuce. Washegari na ajiye ta biyu. Wannan karon bayan ta duba sai ta murza takardar tsakanin yatsu, ta kalli yatsun, ta kai hanci ta shinshina. Ta uku na ajiye ta ranar Litinin kafin in tafi makaranta, ita ce wadda ɓarɓashin awara ya bushe a jikinta, ban karkaɗe shi ba. Ban ga lokacin da ta ɗauka ba. Da na dawo dai na tarar ba ta je gaida maƙwabciya ba, tana zaune a tsakar gida da carbi, ba ta kuma ce mini ƙawata ba.

Bayan la'asar Yaya ta hura wuta, mai ya yi zafi, mutane suka fara taruwa. Akwai yara, akwai matan aure biyu da suka biyo daga unguwa, akwai mai babur da ya tsaya bai kashe inji ba. Sai ga Kaka ta fito da mayafinta, ita da ba ta zama a ƙofar gida da yamma. Ta zauna a kan dakali.

"Miƙo mini farantin nan."

"Kaka, awara za ki ci? Da haƙoran wa?" in ji Yaya tana dariya.

"Na takardun nake nufi."

Ta ɗora shi a cinya ta fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, tana kai kowace kusa da fuska. Idonta ba shi da ƙarfi, takardun kuma da yawa. Ta waiwayo cikin zaure inda nake tsaye.

"Ke, zo ki duba mini. In akwai mai Larabci ki fito da ita."

Da rana na riga na leƙa farantin, na san mujallar da aka yaga ranar, na san kuma wajen da shafin zai faɗa. Na yi niyyar in ɗan ɓata lokaci, amma hannuna ya riga ni. Na ɗaga kashi biyu cikin uku na tarin na zaro ta na miƙa. Na ji idon Yaya a kaina.

Kaka ta kalli takardar. Sannan ta kwance bakin mayafinta ta fito da guda ukun da ta tsinta, har da wadda ta cusa a katanga, masu mai, ta jera su a kan gwiwa yadda kowa zai gani.

"Me aka naɗe a cikin wannan?" ta tambayi Yaya.

Yaya ta leƙa. Matsamin da ke hannunta ya sauka a hankali.

"Wallahi Kaka ban gani ba."

"Na san ba ki gani ba. Shekara nawa kika yi a Islamiyya? Har walima aka yi miki, uwarki ta zo daga Mashi da buhun shinkafa. Ni da ban san bihim a boko ba na gani, ke mai ido biyu da karatu biyu ba ki gani ba. Sati nawa kina miƙa wa yara suna lashewa suna jefarwa a kwata?"

Ɗaya daga cikin matan ta yi salati ta buɗe ƙunshin da ke hannunta tana juya takardar gaba da baya. Ɗayar ta ce ita jiya ma ta saya, kuma a murhu ta jefa takardar, ko a shara, ta manta. Mai babur ya ja abinsa ya tafi. Kaka ta sa aka janye itacen, ta ce awarar da ta rage a raba wa yara sadaka, kowa ya je gida ya kawo kwano. Sannan ta ce a ɗauko wa Yaya roba.

"Ki bi lungun nan daga bakin titi har bayan masallaci. Duk takardar da ta fita daga hannunki ki dawo da ita, mai Larabci da marar Larabci, tunda ba kya bambancewa. Har cikin kwata."

Na koma cikin zaure inda duhu zai rufe ni, na tsaya daidai inda nake hango lungun gaba ɗaya. Yaya tana tafe tana sunkuyawa, robar a kwankwasonta, yaran da ɗazu suke layi a gabanta suna biye da ita suna nuna mata, ga wata can, ga wata nan. Ta naɗe hannun riga ta sa yatsu biyu a ruwan kwata. Wata mata ta leƙo ta kan katanga ta tambayi abin da ya ɓata, wata ta ba ta amsa da ƙarfi yadda gida uku za su ji. Na kalli duk wannan ban ƙifta ba. Daɗin da na ji ba irin na dariya ba ne, wani sanyi ne da ya sauka daga ƙirjina har cikina, kamar na sha ruwan randa bayan doguwar tafiya.

Bai daɗe ba. Da Yaya ta dawo, Kaka ta shigo tsakar gida ta ce a fito da akwatin.

"Gobe a kai shi bayan katanga a ƙona duka. Muddin suna nan wata rana wani zai sake. Ba zan kwanta a kan abin da zai zame mini tambaya ba."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na shirya komai, na manta cewa Kaka ba ta san mujalla ba, ita takarda mai sunan Allah kawai ta gani.

"A'a, Kaka."

Umma ta ɗago daga bakin murhu. Ni kaina ban san muryata tana kaiwa haka ba.

"Ba duka ne ke da shi ba. Shafi ɗaya ne a kowace, na Turanci da na Faransanci ma babu. Na san inda suke. Zan yanke su in kawo miki."

Kaka ta dube ni. Ban sani ba ko a lokacin ta gane wanda yake danne takarda da dutse a kan dakali, ba ta taɓa faɗa ba.

"To. Ki bi su shafi-shafi, kada ki tsallake ko ɗaya. Ita kuma ta zauna kusa da ke ta riƙa karɓa tana jerawa, ta koyi kallon takarda. Ba za ta sake ɗora kasko ba sai an gama."

Aikin yini biyu ne in da za a yi shi da gaske. Hutun makaranta ya kama a makon, na mayar da shi aikin safe da yamma. Mukan shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin Kaka, ni da reza da katako, Yaya da faranti a cinya. Kaka ta ce shafi-shafi, na kuwa bi shafi-shafi. Na karanta tallar sabulu, na karanta wasiƙun masu karatu, na karanta sunayen waɗanda suka buga. Na Faransancin ma da na ce babu komai a cikinsu na bi su layi-layi da yatsa, ko da an saka.

Yankan bai yi mini daɗi ba. Kowace aya da na cire tana tafiya da abin da ke bayanta. A wata na rasa fuskar wata mata mai ɗaurin ɗankwali irin na da, a wata rabin awon da kakana ya rubuta ya bi rezar. Tsohuwar takarda ba ta yankuwa sumul, tana tsagewa ta inda ta ga dama. Duk ramin da na buɗe sai in ɗago in kalli Yaya, in ƙara rage sauri.

A rana ta biyar wata mata a ƙarshen lungu ta fara suyar awara. Muna zaune ƙanshin yake shigowa ta kan katanga, muna jin yara suna wucewa ta ƙofarmu ba sa tsayawa. Yaya ta daina kirana Kurma. A rana ta takwas, Kaka ta shiga alwala, ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Kin san da su tun farko, ko?"

Na ci gaba da bin layi da yatsa.

"Yadda kika zaro ta ran nan, ko dubawa ba ki yi ba. Ke ce kike ajiye mata a dakali."

"Wasa ne, Yaya," na ce. "Ai ba a fushi."

Ta kalle ni kamar yau ta fara ganina. Sannan ta leƙa cikin akwatin.

"Saura nawa?"

"Da saura."

"Don Allah, ƙanwata, ki ɗan yi sauri. Waken da na jiƙa tun wancan makon ya lalace, matar can kuma ta kwashe mini mutane."

Na kai ƙarshen shafin da nake kai. Rubutun ƙasan ya dushe, gara ta ci wani wuri, ban tabbata na ga kowane layi da kyau ba. Na mayar da yatsana sama na sake farawa.